Abin da Ya Tsayar da Kurciyoyin Kawu

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma
Ɗakin gwaji na biyu, bakin taga

Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, gwiwar kuma ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau. Dogo direba ya miƙo mini takardarka yau da ƙarfe ɗaya da kwata. Gobe da safe zai juya, shi ya sa nake rubuta amsa a wurin aiki kafin a kulle ƙofa. Da kunnenka yana jin waya, da tuni na kira.

Ka tambayi aiki. Yau kwanana talatin da huɗu da farawa. Shekara biyar na yi ina karatun lafiyar dabbobi, amma har yanzu aikina liƙa lamba a jikin kwalabe da wanke su. Oga ya ce haka kowa ya fara. Wata shidan farko na gwaji ne, babu hutu a ciki, wanda kuma ya yi fashin kwana uku ba izini ya sallami kansa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shafi biyu ka cika da labarin agogon bangon da aka kawo maka gyara. Sai can ƙasa, bayan ka sa hannu, ka ƙara layi biyu cewa ka tsinci kurciyoyi uku matattu a bayan gida, kusa da kaskon ruwa. Kawu, da wannan ya kamata ka fara.

Tsuntsu ɗaya ya mutu ba labari ba ne. Uku a mako guda, a wuri guda, labari ne. Inda tsuntsaye da yawa ke cusa baki a faranti ɗaya da kasko ɗaya, idan guda ya zo da cuta, duk sai ya raba musu. Don haka ina roƙonka ka ɗauke farantin tsakin da kaskon, ka wanke su da ruwan bilic, ka kife su har mako uku. Na san farantin matarka Inna ne. Na san tun rasuwarta ba ka taɓa fashin zuba musu ba. Mako uku kawai na ce. Za su watse su nemi abinci a wani wuri, watsewar kuwa ita ce maganin.

Ka taimaka ka amsa mini waɗannan:

1. Wace rana da wane lokaci ka tsinci kowacce?
2. Kurciyoyi kaɗai ne, ko har da gwara da kanari?
3. Kafin su mutu, ka ga suna kumbura gashi, ko suna zama wuri ɗaya ba sa tashi?
4. Tsakin sabo ne? Ya taɓa jiƙewa?
5. Akwai wani abu a bakinsu ko a maƙogwaro, kamar dunƙule mai ruwan ɗorawa?

Ta biyar ɗin ita ce babba. A makaranta maƙogwaro muke fara dubawa, sannan hanta da huhu. Da zan ga cikin ko da guda ɗaya ce, da na san inda aka dosa. To, ina nan nesa.

Ka gaishe da maƙwabciyarka Maman 'Yan Biyu, ka ce na gode da rigar da ta ɗinka mini, ta yi daidai.

'Yarka

*

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe goma na safe
Kan tebur

Uwata,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta zo ranar Laraba. Lafiyata lau. Gwiwa tana nan tana tsufa tare da mai ita, babu wanda ya riga wani.

Wanke kwalba ba abin kunya ba ne. Ni shekara biyu na yi ina share ƙura a shagon maigidana kafin ya yarda in taɓa bayan agogo. Ki wanke su da kyau, ki rufe bakinki. Ranar buɗe shi za ta zo.

Faranti da kasko na wanke, da bilic ɗin kamar yadda likita ta umarta, har hannuna ya yi fari. Amma kifewa ban kife ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Na gwada ranar Alhamis. Shida da minti arba'in suka sauko kamar kullum, suka jeru a kan igiyar shanya suna kallon ƙofar. Wata 'yar gwara har bakin taga ta zo. Na daure zuwa bakwai da biyar. Uwata, baƙon da ka saba ba shi abinci shekara huɗu ba ka rufe masa ƙofa don ya yi tari. Na fita na zuba.

Ga amsoshinki. Ta farko 27 ga Mayu da safe, ta biyu 29, ta uku 31 da la'asar. Tun daga nan an ƙara huɗu: kurciya biyu, gwara ɗaya, kanari ɗaya. Ƙwarai, suna kumbura gashi. Sai ka ga tsuntsu ya zama kamar dunƙulen auduga, ka zo har kansa bai tashi ba. Tsakin sabo ne, a cikin gwangwani mai murfi yake, ruwa bai gan shi ba.

Ta biyar kuwa, na ga kin ce da za ki ga cikin guda da kin san inda aka dosa. Sai na ce, ga ido a gida, me za a jira? Shekara arba'in da ɗaya ba a taɓa kawo mini abin da ya tsaya na jefar ban buɗe na ga abin da ya tsayar da shi ba. Na shimfiɗa jarida a kan tebur, na sa gilashin ido, na ɗauko matsefata da 'yar reza. Uku na farko sun riga sun lalace, na binne. Na buɗe biyu, ɗaya ranar Alhamis, ɗaya jiya.

Maƙogwaron ta farko babu komai. Ta biyu akwai ɗan majina, amma babu dunƙulen da kika faɗa. Hantar duka biyun ta yi girma, ina ji, ko da yake ban san yadda ta mai lafiya take ba. A kan huhun ta biyu akwai wani farin abu kamar yanar gizo. Sai da na kai fuskata dab da shi kafin na gani sosai, kin san gilashin nan ba ya gani daga nesa. Gashin ma akwai ƙura a jikinsa, ta sa ni atishawa.

Abin mamaki, Uwata. Na sha buɗe agogo mai ƙananan kaya, amma ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Zuciyar ba ta kai kan ɗan yatsana ba. Babu sukurori, babu mai, kuma komai a mazauninsa.

Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta same ni a kai. Ta ce, "Kawu, yau kuma fawa aka koma?" Na ce ina taya 'yata aikin gwaji ne. Ta ce to idan an tashi biyan albashi a tuna da maƙwabta.

Ki faɗa mini abin da zan duba a na gaba. Na ja layi a littafi, na yi wa kowacce gida.

Kawunki

*

Litinin, 10 ga Yuni, ƙarfe biyu saura minti goma
Bayan ɗakin gwaji, kan matakala

Kawu,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini gajartar gaisuwar.

Kada ka ƙara buɗe ko ɗaya. Kada ka ƙara taɓa su da hannu. Idan ka tsinci matacce, ka sa leda a hannu, ka ɗaure ƙyalle a hanci da baki, ka yayyafa mata ruwa don kada ƙurar ta tashi, ka binne ta da zurfi. Teburin ka wanke shi da bilic, da matsefatar da gilashin. Jaridar ka ƙone ta a waje.

Laifina ne. Na sake karanta kwafin takardata sau huɗu. Na faɗi faranti, na faɗi kasko, na jera tambaya biyar, ban rubuta ko sau ɗaya cewa kada ka taɓa su ba. Abin da ake fara koya mana ke nan a makon farko, shi ne na bari. Sai kuma na rubuta cewa da zan ga cikin guda. Buri ne kawai na faɗa, Kawu, ba aiki na ba ka ba. Amma na san wanda nake rubuta wa. A gabanka na tashi. Na ga ka buɗe rediyon da aka tsinta a bola don kawai ka san me ya kashe shi. Ya kamata in sani.

Ga dalili, tunda na san ba ka bin umarni sai da dalili. Cutar da na fara zargi, mai dunƙule a maƙogwaro, tana kashe tsuntsu amma ba ta taɓa mutum. Ita nake fatan ka gani. Ba ka gan ta ba. Abin da ka kwatanta, hanta mai girma da farin abu a huhu, yana iya zama abubuwa da dama, ban isa in yanke daga takarda ba. Amma a cikinsu akwai wadda ke shiga huhun mutum ta hanyar ƙurar gashi da busasshen kashi. Ba ta nunawa nan take. Takan ɗauki kwana biyar zuwa goma sha huɗu. Mu a nan ba a buɗe tsuntsu sai da safar hannu da takunkumi, a cikin akwati mai zuƙe iska. Kai kuwa fuskarka ka kai, da shekara saba'in da ɗaya a kanka.

Ka buɗe ta farko ranar 6 ga wata, ta biyu ranar 7. Don haka daga gobe har 21, idan ka ji zazzaɓi, ko ciwon kai, ko busasshen tari, ka tafi asibiti a ranar, ba washegari ba. Ka gaya musu da bakinka cewa ka buɗe matattun tsuntsaye. Idan ba ka faɗa ba, ba za su yi tunaninta ba. Tana da magani idan an fara da wuri.

Na kira Maman 'Yan Biyu da ƙarfe ɗaya da rabi, na gaya mata, na kuma tura mata saƙo a waya ta nuna maka. Wannan takardar za ta same ka ranar Laraba.

Farantin ma, don girman Allah, ka kife shi. Ba korar baƙi ba ce. A farantin suke ɗauka.

'Yarka

*

Juma'a, 14 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya da kwata
Kan tebur

Uwata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, kwalabe kuma suna ƙyalli. Dogo bai zo ranar Laraba ba, jiya ma bai zo ba. An ce motarsa ta lalace a hanya. Ina rubutawa in ajiye, duk ranar da ya tashi tafiya ya ɗauka.

Maman 'Yan Biyu ta shigo ranar Litinin tana ɗaga murya kamar gobara ta tashi. "An ce kada ka taɓa! An ce ka bari!" Na ce wa ya ce? Ta ce likitarka. Ta miƙo mini waya, rubutu kamar tururuwa. Na karanta, layi uku ne, babu dalili a ciki. Na ce mata yarinyar nan tun tana ƙarama haka take. Ita ce ta taɓa hana Inna kunna risho don ta karanta a jikin kwali cewa yana iya fashewa. Muka ci abinci da sanyi kwana biyu.

Ba raina ki na yi ba. Amma magana idan ta bi baki biyu ta tsallaka katanga, tana zubar da mintoci kamar agogon kasuwa. Ina jiran takardarki. Idan ta zo da dalili, da sa hannunki a ƙasa, zan bari. Kafin nan aikin da aka fara ba a barin sa a buɗe. Na dai sa safar roba ta wanke-wanke, don Maman 'Yan Biyu ta sami barci. Sai dai da ita ba a riƙe matsefata, wurin aiki mai laushi nakan cire.

An ƙara biyar tun Asabar. Jimla goma sha biyu. Na buɗe bakwai. Biyar daga cikin bakwai suna da farin abin nan a huhu. Duk na rubuta a littafi. Na kuma yi miki wata dabara: na yanko hanta da huhun kowacce na sa a ƙananan kwalabe, na liƙa lamba kamar yadda kike yi, na cika su da fetur ɗin da nake wanke agogo, don kada su ruɓe kafin su iso gare ki. Ki kai wa Ogan naki. Wataƙila ya gane ba mai wanke kwalba ya ɗauka ba.

Masu zuwa da safe sun ragu. Da nakan ƙirga arba'in da wani abu, yau goma sha tara. Akwai wata kurciya mai ɗingishi da Inna ke kira Hajiya, saboda ba ta sauka sai kowa ya gama. Jiya na same ta a ƙarƙashin kujera. Ita ban buɗe ba.

Jiya da yamma na ɗan ji sanyi a jiki, kaina kuma yana sarawa. Iska ce ta taga, ina ji. Na sha shayi na kwanta. Kada ki mai da wannan lamba ta shida.

Kawunki

*

Talata, 18 ga Yuni, ƙarfe bakwai da rabi na safe
Ɗakina, kafin fita aiki

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan wannan ta same ka a tsaye. Yau kwana takwas ban ga rubutunka ba.

Jiya Dogo bai zo ba. Na kira shi sau shida, ya ɗauka a na bakwai, yau da sassafe. Ya ce motar ta mutu tun ranar 11, a tsakiyar hanya. Ya bar ta a garejin bakanike, ya hau wata ya wuce gida, takardata kuma tana cikin aljihun motar. Sai da ya koma ɗauko kayan mutane ya gan ta. Na ce yaushe ka kai masa? Ya ce, "Asabar ce, ko Litinin." Na ce wacce a ciki? Ya ce, "Haba ƙanwata, takarda ce fa, ba jini ba. Ta dai isa."

Kullum ina kiran Maman 'Yan Biyu da ƙarfe takwas. Kullum ta ce ta hango ka ta taga, kana kan tebur. Na ce yana tari? Ta ce, "Wane tsoho ne ba ya tari?" Na ce ta shiga ta taɓa goshinka. Ta ce ta shiga, ka ce mata goshinka ba yadi ba ne da za ta gwada. Ta yi dariya, ni ma na yi don kada ta ji kunya.

Na je wurin Oga ranar Laraba, na sake komawa jiya. Na nemi kwana uku. Ya ce, "Ba shi da lafiya ne?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "An kwantar da shi?" Na ce a'a. Ya ce, "To me zan rubuta a takardar izini? Tsoro?" Ya ƙara da cewa goma cikin goma na irin wannan firgita ta sababbin ɗalibai, ƙarshenta mura ce. Ya fi ni sani, shekararsa ashirin a aikin. Na koma na ci gaba da wanke kwalabe.

Na san hanya. Kwana ɗaya da rabi zuwa, kwana ɗaya da rabi dawowa, ko ban zauna ba ukun sun cika. Kai ka sayar da injin goge gilashi ka kai ni makarantar nan. Idan na zo na same ka kana shan shayi, na kuma rasa aikin, ban san da wane ido zan kalle ka ba. Haka nake gaya wa kaina. Saura kwana uku a cika sha huɗun. Zan jira.

Wani direba abokin Dogo zai kawo wannan. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

'Yarka

*

Laraba, 26 ga Yuni, ƙarfe uku da minti biyar na yamma
Kan teburinka

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba a shiga ɗakin da kake, amma za ta sa takarda a leda ta ajiye a kan akwatin da ke gefen gadonka. Zan rubuta komai a jere, yadda kake so.

Ranar Lahadi, 23 ga wata, da ƙarfe takwas saura, Maman 'Yan Biyu ta ji tsuntsaye na hayaniya a bayan gidanka fiye da kullum. Ta leƙa ta katanga ta ga farantin babu komai. Ta zagayo ta shiga. Ta same ka a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, gwangwanin tsaki a hannunka. Ita da mijinta suka kai ka asibiti. Ta kira ni tara da minti goma. Ban nemi izini ba. Na iso ranar Litinin da la'asar.

A asibiti sun ɗauka ciwon huhu ne irin na tsufa. Ba ka gaya musu komai ba, ba ka iya magana ba. Maman 'Yan Biyu ta ce ta faɗa wa wani a bakin ƙofa cewa kana wasa da tsuntsaye, bai rubuta ba. Ni na gaya wa likita, ranar Litinin ƙarfe biyar da rabi. Ya dube ni ya ce, "Buɗewa? Da hannu?" Ya canza magani a take, ya sa aka mai da kai ɗaki kai kaɗai, aka ɗebi jini da majina aka aika. Awa talatin da biyu ke nan kana kwance ba a kan wannan maganin ba. Jiya na gan ka ta gilashi na minti huɗu. Akwai abin numfashi a fuskarka. An cire maka agogon hannu, yana wurina.

Takardarka ta 14 ga wata na same ta a nan, a rufe, ƙarƙashin gilashin ido, tana jiran Dogo. A tsaye na karanta ta. Ranar 13 ka fara jin sanyi. Ranar 18 ina zaune ina lissafin kwana uku, kai kana kwana na shida da zazzaɓi.

Kwalaben na gani, goma sha ɗaya, a jere, lambobin sun fi nawa kyau. Na kira Oga na tambaye shi ko za a iya gwada su. Ya ce fetur ya kashe duk abin da za a nema, ya kuma lalata naman. Da a cikin ƙanƙara ka sa su, da an iya. Wannan ma ban taɓa rubuta maka ba. Ya kuma ce yau kwanana uku ke nan, na san doka. Na ce na sani.

Na sanar da ofishin dabbobi. Mutum biyu suka zo jiya da fararen kaya, suka yi feshi a bayan gida. Ba su sami sabuwar gawa da za su ɗauka ba. Sun ce a daina zuba abinci sai an ji daga gare su. Na wanke farantin da kaskon na sa su a ƙarƙashin gadon Inna. Igiyar shanyar ma na kwance ta. Maman 'Yan Biyu tana tsaye tana kallona, ta ce, "Idan ya tashi, ke za ki gaya masa, ba ni ba." Na ce ni zan gaya masa. Ga shi na gaya maka.

A littafinka, huɗun ƙarshe ka buɗe su ranar Lahadi, 16 ga wata. Bayan su babu komai. A cikin aljihun tebur na sami takarduna duka, tun na shekarar farko a makaranta, kowace ambulan da rana da lokacin da ta iso, da fensirinka. Ta 18 kaɗai ban gani ba. Ta 10 ga wata tana sama. An yanke bakinta da reza. Babu rana a jikinta.

Wannan shi ne abin da na sani. Ga wanda ban sani ba:

1. Abin da ya kashe tsuntsayen.
2. Ko abin da ke ƙirjinka daga gare su ya fito. Likita ya ce sakamako sai bayan kwana biyar, kuma yana iya fitowa bai nuna komai ba.
3. Ko Maman 'Yan Biyu da mijinta sun ɗauka. Ina ƙirga musu kwanaki, ban gaya musu ina ƙirgawa ba.
4. Ko Asabar takardata ta iso, ko Litinin. Idan Litinin ce, ka cika alkawari, ka bari da ka ga dalili. Idan Asabar ce, ka karanta, ka kwana, ka tashi ka buɗe huɗu don ka cika mini kwalabe.
5. Ko da na hau mota ranar 10, maimakon in zauna a matakala ina rubutu, da yanzu kana kan wannan kujerar.
6. Likita ya ce daren yau da na gobe su za su nuna. Na tambaye shi kashi nawa cikin ɗari. Ya ce ba ya ba da lamba.

'Yarka